Daga tukunyar waakye zuwa kwamfuta: yadda za ka koyi karanta jinom don tsaron abinci a Kumasi

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka yi wani suna a layinmu a Aboabo. Washegari gidaje da dama suka tashi da amai da gudawa, kafin azahar kuwa unguwa ta gama yanke hukunci: furar wata baiwar Allah ce. A wurin sunan an ci waakye da aka sauke tun asuba ya wuni a kula, an ci tsire, an sha sobolo da ƙanƙarar da ba wanda ya san da wane ruwa aka haɗa ta. Babu wanda ya ɗebi ragowar abincin ya ajiye, babu wanda ya zauna ya tambayi wa ya ci me, da ƙarfe nawa cikinsa ya fara. Matar nan ta yi watanni tana dawo da ƙwaryarta gida cike. Har yau abin yana tsaya mini a rai, kuma shi ya ja ni zuwa aikin da nake yi. Na rubuta wannan ne domin ƙannena na zango, maza da mata, da suka karanta kimiyya suke tambayata ta ina ake shiga.

Mu fara da abin da ake karantawa. Kowace ƙwayar bakteriya tana ɗauke da rubutun halittarta a cikin DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Cikakken rubutun shi ake kira jinom. Na Salmonella ya kusan haruffa miliyan 5, na Listeria kusan miliyan 3, na Campylobacter kamar miliyan 1.6. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun, jefi-jefi kuma a samu tuntuɓen harafi ɗaya. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan. Idan malami ya yi tuntuɓen alƙalami a littafin da ya kwafa da hannu, duk ɗaliban da suka kwafa daga nasa za su gaji wannan kuskuren, har ka iya duba littafi ka ce wannan daga zauren wane ya fito. Haka muke gane cewa ƙwayar da aka samu a jikin maras lafiya da wadda aka samu a abinci 'yan gida ɗaya ne, ko kuwa sunan kawai suka haɗa.

Buƙatar masu wannan sana'a a fili take. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 su rasu. A yankin Afirka kaɗai miliyan 91 ke kamuwa, 137,000 su rasu.

Mataki na farko: faranti kafin na'ura

Yawancin matasan da ke zuwa wurina na'urar karanta jinom suke so su gani. Ni kuwa kan benci nake kai su, in miƙa musu farantin rainon ƙwayoyin cuta. Na'ura tana karanta abin da aka zuba mata ne, ba ta san ko ka tsince ƙwayar da ta dace ba.

Sai hannunka ya iya raba ƙwaya ɗaya tsantsa daga cikin dubban da ke cikin abinci. Ɗauki Salmonella. A hanyar da ƙa'idar ISO 6579-1 ta tsara, ana auna giram 25 na abincin a zuba cikin mililita 225 na ruwan rainon ƙwaya, a bar shi kusan awa 18 a ɗumin digiri 37. Daga nan a ɗiba a sa a wani ruwan da ke danne sauran ƙwayoyi ya bar Salmonella ta yi ƙarfi, sannan a shafa a farantin XLD. Idan tana nan, washegari za ka ga ɗigo-ɗigo jajaye masu baƙin tsakiya. Ka ɗauki ɗigo ɗaya tak, ka sake shafa shi a sabon faranti, ka tabbatar da shi da gwajin da ya dace, ka adana shi cikin gilisarin a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Kwana huɗu zuwa biyar ke nan ba ka ko kusanci na'ura ba.

Digirin da ke kai mutum nan suna nan a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi: kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kimiyyar abinci, bayokemistiri, kimiyyar halittu, likitancin dabbobi. Wanda zai taɓa samfurin majinyata a asibiti sai ya mallaki lasisin hukumar da ke rajistar ma'aikatan gwaje-gwaje ta ƙasa. Shawarata, ka nemi bautar ƙasarka ta faɗa a ɗakin da ake rainon ƙwayoyin cuta kullum, ko da wurin bai da na'urar karanta jinom. Shekara ɗaya ta shafa faranti tana gyara hannu yadda babu kwas ɗin da zai gyara shi.

A nan kuma za ka koyi halin kowace ƙwaya, wanda shi ke gaya maka abin da za ka nema. Amai mai ƙarfi cikin awa ɗaya zuwa shida yakan nuna guba ce da ƙwayar ta riga ta zuba a abinci, irin ta Staphylococcus aureus daga hannun mai girki, ko ta Bacillus cereus a shinkafar da aka dafa ta daɗe a ɗumi. Wannan gubar ta shinkafa ko an sake ɗumama abincin ba ta mutuwa. Salmonella kan ɗauki awa 6 zuwa 72. Listeria tana iya yin makonni kafin ta bayyana, tana kuma hayayyafa har a cikin firji, ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai illa.

Mataki na biyu: ɗibar samfuri da littafin rajista

Nan ne ɗan zango ya fi kowa dama, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa.

Ranar da na fara fita ɗibar samfuri, na tsaya gaban wata mai koko da ƙosai a Asawase da farar riga da safar hannu, ina riƙe da kula. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, tankas masu duba tsabta ne suka turo ka?"

Na ce, "A'a, Mma. Ina kwana? Karatu nake, so nake in saya kamar kowa in je in auna. Ba zan rubuta sunanki ba."

"To, in ka ga wani abu fa?"

"Ke zan fara dawowa in gaya wa, Mma."

Sai da ta tambayi ɗan gidan wa ne ni, na faɗa, sannan ta zuba mini. Daga baya da bakinta ta gaya mini inda take ɗibar ruwa idan famfo ya ɗauke, da ƙarfe nawa take jiƙa gero. Wannan bayanin babu takardar tambayoyi da Turanci da za ta fito da shi. Tun ranar na daina fita da farar riga. A mayankar Kaase ma haka ne: ka fara gaida sarkin fawa da dattawan wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka, kafin ka kusanci teburin kowa. Ka saya da kuɗinka, kada ka karɓi kyauta. Kuma kafin duk wannan, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin a rubuce.

Samfuri yana shiga jaka ko kwalba marar ƙwaya, a sa shi a kula da ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji a ranar. Kowane ɗaya yana da lambarsa, ita ce za ta bi shi daga jaka zuwa faranti, zuwa bututu, zuwa sunan fayil a kwamfuta. A littafin rajista ka rubuta kwanan wata, lokaci, unguwa, irin abincin, dafaffe ne ko ɗanye, zafinsa lokacin da ka ɗiba, da inda aka sayo kayan haɗinsa. Ka zaɓi salon rubuta kwanan wata guda ɗaya, shekara sannan wata sannan rana, kada ka sauya. Jinom da ba a san inda aka samo shi ba, ko yaushe, kamar wasiƙa ce da ba adireshi. Na ga firiza cike da bututai da aka kashe kuɗi aka tara, tawadar jikinsu ta goge, aka rasa mai cewa wanne ne na kaza wanne ne na latas. Sunan mai sayarwa da na majinyaci kuwa ba sa shiga fayil ɗin da za a raba wa kowa, dokar kare bayanai ta 2012 ma ta hana.

Mataki na uku: fitar da DNA da ɗora shi a na'ura

Wannan ya fi sauran saurin koyuwa idan hannu ya riga ya faɗa. Za ka fasa ƙwayar, ka wanke, ka tace DNA. Listeria da Staphylococcus fatarsu na da kauri, sai an ƙara musu sinadarin da ke narkar da ita. Sannan ka auna yawan DNA da na'urar Qubit, ka duba tsabtarsa da na'urar NanoDrop, inda ake son awon 260 bisa 280 ya tsaya kusa da 1.8. Abin da ake aunawa ɗigo ne da ido da ƙyar yake gani, don haka ka yi ta gwada hannunka da ruwa mai launi har awonka ya daina kaucewa.

Na'urori iri biyu za ka tarar. Na Illumina suna karanta gajerun guntaye, haruffa 150 zuwa 300, da ƙarancin kuskure. MinION na Oxford Nanopore kuwa bai fi tafin hannu ba, ana jona shi da laftof, yana karanta dogayen guntaye masu dubban haruffa. Ka koyi duka biyun idan ka samu hali. Ka kuma koyi abin da takardar kamfani ba ta damu da shi ba amma mu yake ci mana tuwo a ƙwarya: dumso, wato ɗaukewar wuta. Kada ka kunna aikin da zai kwana sai ka tabbatar da batirin ajiya da man janareta. Ka san kayan da ke zama a firiza da waɗanda ke zama a firji, domin akwai wanda daskarewa ke kashe shi. Ka lissafa watannin da oda ke ɗauka kafin ta iso, da ranar da kowane kaya zai lalace.

Mataki na huɗu: kwamfuta

Nan mutane da yawa ke ja da baya, alhali shi ne matakin da za ka iya farawa yau a ɗakinka ba tare da izinin kowa ba. Jinom na Salmonella dubu ɗaruruwa suna nan kyauta a rumbunan NCBI da ENA da EnteroBase. Laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 16 ya wadatar, mai 8 ma zai yi idan ɗaya-ɗaya kake yi. Idan naka bai kai ba, shafin Galaxy yana ba ka damar yin aikin a kan manyan kwamfutocinsu ta intanet, kyauta, da darussa a jere.

Amma kada ka tsaya a danna maɓalli. Ka sa Ubuntu, wani nau'in tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, ko a cikin Windows ɗinka ne, ka koyi ba kwamfuta umarni a rubuce: shiga jaka, duba fayil, nemo kalma, maimaita aiki ɗaya a kan fayil hamsin. Mako uku na farko akwai ɗaci. Bayan nan sai ka ga abin ya zama jiki. R ko Python, harsunan rubuta wa kwamfuta umarni, su biyo baya, ɗaya ya isa da farko.

Abin da na'ura ke fitarwa fayil ne da ake kira FASTQ, ɗauke da miliyoyin guntaye. Ka ɗauka an kwafi littafi ɗaya sau arba'in, aka yayyaga duka aka zuba a buhu, aka ce ka mayar da shi. Kafin ka fara ɗinki sai ka duba ingancin guntayen da manhajar FastQC; sauran sunayen da za su biyo baya ma manhajoji ne. Alamar Q30 na nufin kuskure ɗaya cikin haruffa dubu. Sai ka lissafa zurfin karatu: idan jinom ɗin miliyan 5 ne kana son kowane harafi a karanta shi sau 40, kana buƙatar haruffa miliyan 200. Sai Kraken2 ya gaya maka ko ƙwaya ɗaya ce a ciki ko an samu gauraye. Sannan ka ɗinka, da SPAdes idan gajeru ne, da Flye idan dogaye ne, ka duba ɗinkin da QUAST.

Kada ka tsallake binciken gauraye ko kana sauri. Na taɓa ɗinka wata da na rubuta Salmonella, tsawonta ya fito sama da miliyan 9. Ƙwayoyi biyu ne. Ɗigon da na ɗauka ya taɓa na kusa da shi, ban sake shafawa ba don ina son in cika adadi a ranar. Kuɗin wannan samfurin ya tafi, mako biyu suka tafi. Da ban duba tsawon ba, da na danganta wa Salmonella abin da ba nata ba, rahoton ya fita da sa hannuna.

Idan ɗinki ya yi kyau sai tambayoyi. Wace iri ce? Salmonella kaɗai ta haura iri 2,500, SISTR ko SeqSero2 za su faɗa maka. Wane gida ce? Tsarin MLST yana duba gurabe bakwai a cikin jinom ya ba ta lamba, kamar ST313, reshen Salmonella Typhimurium da ke shiga jini a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Tana ɗauke da abin da ke sa ta bijire wa magani? ResFinder da AMRFinderPlus ke nuna wannan, amma ka riƙa gwada ƙwayar da ainihin maganin a faranti ka kwatanta. Daga ƙarshe sai nasaba: a jera dubban gurabe, 3,002 a tsarin EnteroBase na Salmonella, 1,748 a tsarin cibiyar Pasteur na Listeria, a ƙirga inda suka saɓa, a zana bishiyar dangantaka. Microreact zai ɗora maka bishiyar a kan taswira da kwanan wata, idan ka rubuta su tun a mataki na biyu.

Mataki na biyar: riƙe baki har murhu ya cika

Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsu uku. Na farko shaidar ɗakin gwaji, na biyu bayanin wa ya ci me, na uku bin sawun abincin har inda ya fito. Jinom dutse ɗaya ne.

A Jamus a 2011 wata E. coli mai lamba O104:H4 ta kama mutum kusan 4,000, ta kashe sama da 50. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwamban Sifen, manoma suka tafka asara, ashe ba shi ba ne. An karanta jinom ɗin ƙwayar cikin 'yan kwanaki aka sake shi ga duniya, amma tambayar mutane abin da suka ci a gidajen abinci ce ta kai ga tsiron hulba, wanda aka shigo da irinsa daga Masar. A Afirka ta Kudu kuwa, tsakanin 2017 da 2018, Listeria ta kama mutum 1,060, aka tabbatar da rasuwar 216. Jinom ya nuna mafi yawansu gida ɗaya ne, ST6, wato tushe ɗaya ake nema. Bakin zaren ya fito ne lokacin da wasu yara a gidan raino a Soweto suka kwanta bayan sun ci polony, wani niƙaƙƙen nama da ake ci da burodi ba a sake dafawa ba. Jami'an lafiya suka ɗebi ragowar, aka bi sawu har masana'anta a Polokwane, aka samu ST6 a can, ministan lafiya ya sanar a ranar 4 ga Maris 2018.

Kama da wane ba ta wane. Ƙwayoyi biyu na iya fitowa kusan iri ɗaya saboda wannan gidan ya cika gari, ko saboda mahauta goma daga garke ɗaya suka saya. Samun ƙwaya a teburin Hajiya bai nuna daga wurinta ta faro ba. Wataƙila ruwa ne, wataƙila wuƙar da aka yanka naman da ita tun a mayanka. Saboda haka ka koyi rubuta rahoton shafi ɗaya da jami'in lafiya zai fahimta: ga abin da muka samu, ga ƙarfin shaidar, ga abin da ya rage a bincika. Sanarwa ga jama'a da janye kaya daga kasuwa aikin Hukumar Abinci da Magunguna ne a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Sakamakon gwaji ba ya hawa WhatsApp ɗin unguwa, ko na 'yan gidanku.

Ka kuma san iyakar sana'arka. Gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da jan rinin da wasu ke zuba wa manja, aikin masu awon sinadarai ne. Idan aka kawo maka irin wannan, ka nuna musu ƙofar da ta dace.

Inda ake koyo

A nan Kumasi akwai cibiyar bincike ta KCCR a cikin harabar KNUST, wadda aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug. A Accra akwai cibiyar Noguchi a Legon, tun 1979, wadda ta kasance cikin cibiyoyin shirin SeqAfrica na karanta jinom ɗin ƙwayoyin da ke bijire wa magani. Akwai cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta WACCBIP, ita ma a Legon, mai ba da digiri na biyu da na uku. Ga Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR. Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga bin sawun annoba a fili, shirin GFELTP na makarantar lafiyar jama'a ta Jami'ar Ghana yana horar da likitoci da ma'aikatan gwaje-gwaje da likitocin dabbobi tare. Hukumar Africa CDC ta ƙaddamar da shirinta na jinom a 2020, tana kuma shirya horo ga ma'aikatan ɗakunan gwaji na ƙasashe, don haka ka riƙa duba sanarwarta.

Ta intanet, Jami'ar Fasaha ta Denmak tana da kwas a Coursera kan karanta jinom ɗin bakteriya, Wellcome Connecting Science suna da nasu, darussan Carpentries kuma sun fi dacewa da mai fara Linux. Ka karanta ƙa'idar ISO 23418 ta 2022, wadda ta shafi wannan aiki a kan ƙwayoyin abinci kai tsaye, da ISO 17025 da ake tantance ɗakunan gwaji da ita. Mai neman ma'aikaci yana son wanda ya san dalilin rubuta zafin firji safe da yamma.

Takardun shaidar kwas suna da amfani, amma ba su ke buɗe ƙofa ba. Kafin ka je neman gurbi, ka sauko da jinom ashirin na Salmonella da aka samo a Ghana daga rumbun jama'a, ka bi da su duk matakan nan, ka rubuta shafi biyu: wanne ka jefar da dalili, wane iri ka samu, me bishiyar ta nuna, me ba za ta iya nunawa ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ko a harabar makarantar Islamiyya ne bayan la'asar ranar Asabar, ku raba kuɗin data, kowa ya yi nasa ku kwatanta. Inda sakamakonku ya saɓa, ku zauna a kai har ku gano wanda ya kauce. Ranar da za ka shiga ofishin shugaban ɗakin gwaji, ka riƙe shafukan nan biyu a hannu da laftof ɗinka a buɗe, ka kuma gaya masa kana jin Hausa da Tuwi, kana iya fita Aboabo da Kaase ɗibar samfuri da ƙarfe shida na safe.